Daga Espaya Zuwa Inkwankulusib: Kalmomin Ƙarshe da Turanci Ya Kawo Mana

Da hantsi ne, damina ta zauna sosai, na shiga gaida gwaggona a garin Kaya na ƙaramar hukumar Maradun. Na same ta a bakin ɗaki bisa tabarma, tari ya hana ta sakat tun dare. Bayan mun gaisa sai ta janyo wani tsohon kwano mai marfi, ta zaro kwalbar maganin tari mai jan ruwa, ta ce in duba mata cokali nawa aka ce a sha.

Na juya kwalbar. A gefen takardar, da ƙananan baƙaƙe, an buga EXP, sai wata da shekara. Watan ya wuce da kusan shekara guda.

"Gwaggo, wannan magani ai ya ƙare."

Ta karɓe kwalbar, ta ɗaga ta saitin rana, ta girgiza. "Kai ɗan nan, ƙaƙa za ka ce ya ƙare? Ga shi ko rabi ban sha ba."

Gaskiyarta. Na gyara na ce ya lalace. Ta buɗe ta sansana, ta ce ita ba ta ji wari ba. Na ce to ya yi espaya. Sai ta yi shiru tana dubana, irin duban da tsoho kan yi wa ɗan boko in ya ga ya fake da Turanci.

Duka a buhu ɗaya

Abin da ya shiga tsakanina da Gwaggo kullum sai ya faru a wani wuri: a kemis, a ofis, a rumfar zaɓe, a fuskar wayar hannu. Yawancin takardun da ke yanke wa talaka hukunci a ƙasar nan da Turanci ake rubuta su, kuma kalmomin da suka fi nauyi a cikinsu na ƙarshen abu ne. Ranar da magani zai daina aiki. Ranar da za a rufe rajista. Ranar da albashi zai yanke.

In an zo fassarawa sai mu tattara su gaba ɗaya mu zuba a buhu ɗaya, mu ce "ya ƙare." Ko kuwa mu ɗauko kalmar yadda take, mu ɗan lanƙwasa ta da harshe: espaya, ritaya, fainal, kandi. Aron ba laifi ba ne, harshen da ba ya aro ya kusa mutuwa. Matsalar ita ce kowace daga cikin kalmomin nan tana ɗauke da amsar wasu tambayoyi: abin ya cika ne ko yanke shi aka yi? Wa ya yanke? Zai dawo ko ya tafi ke nan? In aka ari kalmar aka baro amsoshin a can, wanda aka yi wa fassara shi ke kwana ciki.

Kan iyakar gona

Kalmar da Bature ya gada daga kakanninsa ita ce *end*. Tun a tsohon Ingilishi ana cewa *ende*, kuma har gobe haka Jamusawa ke faɗa. Gajeriya ce, ba ta zaɓen wuri, kamar dai "ƙarshe" a wurinmu: ƙarshen igiya, ƙarshen hanya, ƙarshen rai.

Sauran kuwa baƙi ne. A 1066 mayaƙan Nomandi daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na kotu har kusan ƙarni uku. Coci da makarantu kuma suna riƙe da Latin, harshen tsohuwar daular Rum. Ta waɗannan ƙofofi biyu ne Ingilishi ya cika rumbunsa, shi ya sa har yau mutumin kan titi yake cewa *end*, lauya kuma ya ce *terminate*.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, tushen manyan kalmomin nan a gona yake. *Finish* da *final* sun fito daga *finis*, wato kan iyaka. *Terminate* kuwa daga *terminus*, dutsen da manomin Rum ke kafawa tsakanin gonarsa da ta maƙwabcinsa. Rumawa sun girmama dutsen nan har sun mayar da shi abin bauta, suna yi masa biki kowace 23 ga Fabrairu. Duk wanda ya taɓa ganin yadda rikicin iyakar gona ke raba zumunci a ƙasar Bakura ko Maradun, ko yadda ake dasa gamba a kan iyaka don gudun gardama, zai gane dalilin da ya sa suka ɗauki abin da zafi.

Daga *finis* ɗin nan ne aka sami *fine*, wato tara. Asalinta kuɗin da ake biya don a kashe shari'a. Daga *terminus* kuma aka sami sunan tashar da layin dogo ke tuƙewa, irin Ƙauran Namoda, inda jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1929 bai kuma wuce nan ba. Daga nan ne dai *term* na makaranta ya fito.

A nan sai mu jinjina wa wanda ya fara fassara shi da "zangon karatu." Bature ya ga iyaka, Bahaushe ya ga zango, wurin da ayarin fatake ke sauke kaya su kwana, da asuba su ɗaura wa jakai mangala su ci gaba. Ga abin da ya shafi ilimi, tamu ta fi dacewa.

Rumbun gida

Kafin wani ya ce Hausa ce ba ta da kalmomi, bari mu leƙa namu rumbun.

Abinci yana ƙarewa, amma aiki gama shi ake yi, gini kuma a kammala. Rijiya ƙafewa take yi. Kasuwar Talata ta Mafara tana ci, da yamma ta tashi, taro kuma ya watse. Salla idarwa ake yi a sallame. Shari'a a yanke ta. Fitila tana mutuwa, haka ma aure. Dabba ta mutu, mutum ya rasu, in kuma kana zaune a kansa lokacin da abin ya zo sai ka ce ya cika. Tatsuniya da ƙurunƙus take rufewa. Ruwan sama ma iri biyu ne: in ya tsagaita to a saurara, zai iya dawowa, in ya ɗauke sai a ɗauki fartanya.

Makaɗa su ma da tasu. Mutanen Kaya ba baƙi ba ne a wannan fage, don mahaifin Alhaji Musa Ɗanƙwairo, Usman Ɗankwanda, mutumin garin ne, shi kuma Ɗanƙwairo a Bakura aka haife shi. Makaɗin fada ba ya "gama" waƙa. Dire ta yake yi, kamar yadda mace kan dire tulu daga ka ba tare da ta zubar da ko ɗigo ba, 'yan amshi su karɓe, kotso ya sauka tare da murya. Waƙar da aka dire daban, wadda aka katse daban, kuma ko yaro ya san bambancin da kunnensa.

Yadda Faransanci da Latin suka yi wa Ingilishi, haka Larabci ya yi mana. Daga can muka sami ajali da wa'adi da wafati. "Kammala" daga tushen kamala take. "Lahira" ma'anarta ta ƙarshe. "Hatimi" abin da ake rufe takarda da shi ne. Malaman da ke kwafe littattafai da ajami kan rufe aikinsu da "tamat," wato ya cika, kafin su yi hamdala.

Kuma mutanen wannan yanki sun san cewa a kammala abu ba shi ne a ce maganarsa ta ƙare ba. An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978. Maganar diyyar gonakin da ruwa da aikin suka ci ba ta ƙare a ranar ba, ita ce ta kai ga artabun Afrilun 1980, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta, rayuka da dama suka salwanta. A takarda kalma ɗaya ce, a zukatan dattawan yankin kuwa guda biyu ne.

Numfashin ƙarshe

Mu koma ga kwalbar Gwaggo. *Expire*, wadda muka mayar espaya, daga Latin take, kuma ma'anarta ta asali fitar numfashi. Da farko ga mutum ake faɗarta, in ya ja numfashinsa na ƙarshe. Daga baya aka ɗora ta a kan yarjejeniya da lasisi da fasfo da magani. Abin yana nan a hannunka, kamanninsa ba su sauya ba, amma ransa ya fita.

Matasa sun fi kowa gane wannan, saboda waya ta koya musu da tsada. Data tana iya ƙarewa, wato ka cinye ta. Tana kuma iya yin espaya, wato kwanakinta sun cika alhali da saura a ciki. Yaron da ba zai iya fassara kalmar a jarrabawa ba, ya san zafinta a aljihunsa.

A kan magani abin ya wuce aljihu. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta wajabta a buga ranar da aka yi kaya da ranar da wa'adinsu zai cika. Sai dai baƙaƙen ƙanana ne, na Turanci ne, kuma sukan zo biyu ko uku a jere. MFG ranar haɗawa ce. EXP ranar dainawa ce. A kan biskit da madarar gwangwani kuma sai ka ga *best before*, wadda ke nufin cewa kafin wannan rana kayan suka fi inganci, ba lallai ne washegari su zama guba ba. Na sha ganin mai saye ya kalli ranar haɗawa ya mayar da kaya masu kyau, wani kuma ya ɗauki wanda ya wuce wa'adi don ya ga shekarar tana kusa.

Manoma su ne suka fi shiga tsaka mai wuya. Da ruwan fari ya sauka, rumfunan maganin feshi sukan cika a kasuwannin Mafara da Bakura. Maganin ciyawa da ya wuce wa'adi ba ya wari dabam, kalarsa ba ta sauyawa, sai an fesa an jira kwanaki ciyawa ta ƙi mutuwa sannan a gane, lokacin nan kuwa kuɗin sun tafi, noman fari ya wuce. Masu kemis da masu shaguna na kirki sukan ce ba su ke buga takardar ba, kuma mai saye ba ya tambaya. Mai saye kuma ya ce ta yaya zai tambayi abin da bai san da shi ba. A ganina nauyin ya fi karkata ga wanda ya iya karatu.

Wasiƙar ofis

Akwai wani ɗan uwanmu da ya yi shekaru yana gadi a wata ma'aikata mai zaman kanta. Wata rana aka miƙo masa wasiƙa. Wanda ya karanta masa ya ce, "An kore ka." Ya naɗe tabarmarsa ya koma gida cikin kunya, ya fi wata ba ya zama majalisa. Sai daga baya wani malamin makaranta ya duba wasiƙar ya ga *termination* aka rubuta ba *dismissal* ba.

Tazarar da ke tsakaninsu ba ƙarama ba ce. Ta farko tana nufin an kawo yarjejeniyar aiki kan iyakarta, ba tare da an ɗora wa mutum laifi ba. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce a irin wannan hali sai an ba ƙaramin ma'aikaci sanarwa, kuma wanda ya shekara 5 ko fiye yana da haƙƙin wata guda, ko a biya shi kuɗin watan. Ta biyun ita ce kora ta ainihi, wadda ake yi kan laifi, kuma galibi takan tafi da haƙƙoƙin mutum da sunansa. Hausa tana da kalmomin biyu a shirye: sallama da kora. Wanda aka sallama da mutuncinsa yake tafiya.

*Suspension* kuma dakatarwa ce, asalin kalmar ratayewa, abu yana lilo bai faɗi ba. Ritaya daga Faransanci take, ma'anarta ja da baya, kamar yadda runduna kan janye daga fagen fama. Ma'aikacin gwamnati yakan kai gare ta in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, sai malaman makaranta da dokar tarayya ta 2022 ta ɗaga musu zuwa 65 da 40. Sarakuna kuwa ba sa ritaya, murabus suke yi.

Zaɓen da ya ƙi rufuwa

Babu kalmar Turanci da ta shigo bakin Bahaushe da ƙarfi a 'yan shekarun nan kamar *inconclusive*, wadda muka mayar inkwankulusib. Tsoho da yaro, mai shayi da mai goro, kowa ya iya ta.

Tushenta kalmar Latin ce mai nufin rufe ƙofa, wadda daga gare ta aka sami *close* da *conclude*. In aka liƙa mata *in* a gaba sai ta zama abin da bai rufu ba. Hukumar zaɓe tana amfani da ita idan tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai adadin masu zaɓen rumfunan da aka soke ba. A zaɓen gwamnoni na Maris 2019 jihohi shida suka faɗa wannan hali, ciki har da Kano da Sakkwato da Bauchi. A Sakkwato, bayan zagaye na biyu, ƙuri'a 342 kacal ce ta raba gardama.

Mutanen Maradun sun ɗanɗani kalmar a ƙofar gidansu. A Nuwamban 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta ce zaɓen gwamnan Zamfara bai kammala ba, ta ba da umarnin a sake shi a Maradun da Birnin Magaji da Bukkuyum. A Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta soke wannan hukunci ta tabbatar da Dauda Lawal a matsayin gwamna.

Gidajen rediyo sun fassara ta daidai, "zaɓen da bai kammala ba," amma jama'a suka ƙi sakin ta Turancin, saboda a bakinsu ta ɗauki wata ma'ana da ba ta cikin ƙamus. A Kano musamman, in mutum ya ce an yi masa inkwankulusib, yana nufin ya ga nasara da idonsa aka janye ta. Yanzu har neman aure da cinikin fili ana cewa sun zama inkwankulusib. Ga kalma an aro, an ba ta gida, ta haifi 'ya'yan da iyayenta ba su san su ba.

Farar riga da maka

Duk watan Yuli, in an fito daga takardar ƙarshe ta NECO, za ka ga samari da 'yan mata cikin fararen riguna, kowa da alƙalamin maka a hannu, ana rubuce wa juna jiki da sunaye da fatan alheri. Sayin-awut suke ce wa wannan biki. Asalinsa sa hannu a littafin ofis lokacin tashi daga aiki. Daga jami'o'i da kwalejoji al'adar ta gangaro sakandare, TikTok kuma ya ba ta fukafukai.

Wanda ya gama sakandare kuwa cewa yake ya yi kandi. Bisa dukkan alamu gutsuren *candidate* ne, sunan da ake kiran mai zana jarrabawa. Kalmar nan tana da tarihi mai daɗi. A Rum, mai neman muƙami yakan sa farin mayafi da aka goge da alli ya fita neman goyon baya, sai ake kiransa *candidatus*, wato mai fararen kaya. Daga tushe ɗaya ta fito da *candle*, wanda muka mayar kyandir. Yaran da ke sa farar riga ranar kandi, ba tare da sun sani ba, sun koma wa asalin sunansu na shekara dubu biyu.

Ra'ayi ya rabu a kan bikin. Iyaye da malaman addini da yawa suna ganin ya zama ƙofar cuɗanyar maza da mata da tseren babura da ɓarnar sutura, kuma a Yulin 2025 gwamnatin Jihar Sakkwato ta hana shi a makarantun sakandare. Su kuwa ɗaliban cewa suke, shekara shida suna fama, wasu a ajin da ba benci, ba su cancanci rana ɗaya ta murna ba?

Ni ina ganin kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. Ɗan Adam yana bukatar a shaida masa ƙarshen abin da ya sha wuya a kai, kuma al'adarmu ta san haka tun kafin boko. Almajirin da ya kai izu 60 ba a cewa ya gama, cewa ake ya sauke, kamar wanda ya ɗauko kaya daga nesa. A yi masa allo mai zayyana, ya karanta a gaban malamai da dangi, a yi walima, a shafa fatiha. Bikin na gari ne gaba ɗaya, manya na ciki. Abin da ya ɓace a sayin-awut ke nan: yara ne kaɗai, sun ƙirƙiri nasu saboda ba wanda ya shirya musu.

Hatta sunan da rediyo ke ba bikin kammala makaranta ya fi na Turanci tausayi. *Graduation* daga matakala take, hawa mataki. A Amurka ma *commencement* suke cewa, wato farawa. Mu kuwa muka ce yaye ɗalibai. An cire yaro daga nono, zai yi kuka kwana biyu, amma kaka na nan da kunu.

Waɗanda ba su yi kandi ba

A Kaya, maganar ƙarshen karatu ba maganar riga da maka ba ce kaɗai. Ranar 1 ga Satumban 2021, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren jeka-ka-dawo ta garin suka tafi da ɗalibai 73, bisa ƙididdigar 'yan sanda. Watanni shida kafin nan an kwashe 'yan mata kusan 300 a Jangebe ta ƙasar Talata Mafara. Yaran Kaya sun dawo bayan kusan mako biyu, amma gwamnati ta rufe makarantun jihar, aka katse layukan waya, aka dakatar da kasuwannin mako.

Rufewa, katsewa, dakatarwa. A ƙa'idar harshe duka ukun na ɗan lokaci ne, abin da aka rufe ana buɗe shi. An kuwa buɗe daga baya. Sai dai duk malamin da ya koyar a ƙauyukan yankin zai gaya maka cewa ba duk wanda ya fita ne ya dawo ba. Wata an yi mata aure, wani ya tafi ci-rani, wani iyayensa sun yi ƙaura zuwa Mafara ko Gusau. A wurinsu abin da sanarwa ta kira dakatarwa shi ne ƙarshe, ba sauka, ba yaye, ba farar riga.

Akwai wata kalma da na daɗe ina jin nauyinta. *Deadline* a yau ranar rufe karɓar takarda ce, 'yan jarida suka yaɗa ta tun wajen shekarun 1920. Amma asalinta daga yaƙin basasar Amurka ne. A sansanin fursunonin yaƙi na Andersonville, a 1864, an shata layi 'yan taku kaɗan kafin katanga, duk fursunan da ya ƙetare shi masu gadi su harbe shi. Layin mutuwa ke nan a zahiri. Mu da "wa'adi" muke fassara ta, kalmar Larabci mai nufin alkawari. A birni wa'adin biyan kuɗin makaranta ake nufi. A ƙauyukan Zamfara, inda 'yan bindiga ke aiko da wa'adin kuɗin fansa ko harajin noma, kalmar ta koma wa tsohuwar ma'anarta ta Andersonville.

Shi ya sa kunnen mutumin yankin nan ya ƙware wajen tantance kalmomin hukuma. Ya ji "sulhu" a 2019, lokacin da Gwamna Bello Matawalle, ɗan Maradun, ya zaɓi tattaunawa da masu ɗauke da makamai. Ya ji gwamnatin da ta biyo baya ta ce ita ba za ta yi sulhu ba. Ya ji "tsagaita wuta," wadda ke fassara *ceasefire*, kuma a matsayinsa na manomi ya san ruwan da ya tsagaita bai ɗauke ba. Jimlar da ya fi ji ita ce "za mu kawo ƙarshen matsalar tsaro." Abin da yake so ya sani shi ne wane irin ƙarshe ake nufi, kuma ma'auninsa ɗaya ne: ranar da zai je gonarsa ta nesa ya yini, ya dawo da almuru ba tare da waiwaye ba.

Wa zai fassara?

Malaman Turanci da na tattauna da su suna kukan cewa manhaja ta fi karkata ga haddar kalmomi masu kama da juna, a jera wa yaro biyar a ce duk ma'anarsu ɗaya, don ya ci jarrabawar zaɓi-ɗaya. Malaman Hausa kuma damuwarsu ita ce yaran yanzu sun fara mance nasu: komai "ya ƙare" ne ko "an gama," dire da idar da ƙafe suna komawa bakin tsofaffi. Wasu matasan suna ganin duk wannan ɓata lokaci ne, tunda kowa ya gane espaya. Kowa a cikin sa'anninsu, i. Gwaggo ba ta cikinsu, kuma ita ke shan maganin.

Na daɗe zaune a gabanta ranar nan ina laluben kalma. Can sai ta faɗo mini, kalmar da ita da kanta ta sha faɗa in an yi rashi a unguwa.

"Gwaggo, ba ruwan cikin ne ya ƙare ba. Kwanansa ne ya ƙare."

Ta sake duban kwalbar, wannan karon a hankali. "Ashe shi ma da kwanansa," ta ce. "To, Allah shi jiƙan rai."

Ta kira jikanyarta ta ce ta je ta tuttular da shi bayan ɗaki, kada yara su gani. Da yamma na sayo mata wani. Kafin in miƙa mata, ta sa na karanta mata watan da zai cika, muka lissafa tare ya faɗo bayan babbar Salla. Ta ɗauko zare ja ta ɗaura a wuyan kwalbar, ta mayar da ita cikin kwano ta rufe.